Sallamar Fakiti: Tambayar da Masu Sayen Rauta a Birnin Kudu da Gwaram Ba Sa Yi

Tambaya ɗaya mai sayen rauta yake yi wa mai shago, ko a Dutse ne ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano: megabit nawa take ja? Mai shago ya nuna lambar da ke jikin kwali, 300 ko 1200, a yi ciniki, a kamo hanyar Birnin Kudu ko Gwaram. Bayan mako biyu ƙorafi ya fara. Kiran WhatsApp yana kakkatsewa, na'urar POS tana ta juyi har mai cirar kuɗi ya gaji da tsayuwa, alhali in an yi gwajin gudu lambar da ke fitowa mai kyau ce. Daga nan sai a ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, a ƙara sayen data, ko a canza layi.

Wani lokaci kamfanin ne da laifin, babu musu. Amma akwai wani kaso na wannan wahala da ake ƙerawa a cikin akwatin da ke rataye a bangon shagon, kuma lambar jikin kwali ba ta cewa komai a kansa. Lambar tana faɗin yawan kayan da za su iya wucewa a daƙiƙa ɗaya. Ba ta faɗin tsawon lokacin da saƙo guda zai jira a sa'ar da akwatin ya cika da aiki. Ga mai POS a kasuwar Sara, ko mai cibiyar jarabawar kwamfuta, ko ma'aikacin asibiti da ke magana da likita ta bidiyo, wannan jira shi ne abin da ya kamata a fara tambaya kafin a biya kuɗi.

Yadda kanel take amsa sallama

Kowace babbar manhaja tana da zuciya, wadda masana ke kira kanel. Ita ce ke tsakanin kayan ƙarfe da manhajojin da mutum yake gani, ita ke raba lokacin furosesa, ita ke karɓar duk abin da ya shigo ta waya ko ta iska. Wayar Android kanel ɗin Linux ce a cikinta. Haka na'urorin POS masu Android, haka mafi yawan ƙananan rautoci, har da na MikroTik da masu sayar da Wi-Fi suka fi so.

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule. Ana yayyanka su ƙanana, kowane yanki ana kiransa fakiti, mafi girmansa a hanyar da aka saba bai wuce bait 1500 ba. Idan fakiti ya iso, katin netwok yana aika wa furosesa sigina cewa ta dakata da abin da take yi, ga baƙo. Wannan ita ce siginar katse-aiki, wadda a takardun masana ake rubutawa IRQ. Kamar sallama ce a ƙofar gida: maigida yana cikin cin abinci, ya ji sallama, dole ya ajiye cokali ya fita. Tsarin yana da kyau matuƙar baƙin ba su da yawa, domin babu wanda zai daɗe a tsaye, kuma maigida ba ya ɓata lokaci yana leƙa ƙofa alhali babu kowa.

Matsalar tana zuwa ranar biki. Layin megabit 100 yana iya kawo fakiti kusan 148,800 a daƙiƙa ɗaya idan ƙanana ne, na gigabit ɗaya kuma kusan miliyan ɗaya da rabi. Ƙwaƙwalwar MediaTek MT7628, wadda ke cikin rautoci masu araha da yawa, furosesa ɗaya tal gare ta mai bugawa sau miliyan 580 a daƙiƙa. In aka raba, kowane fakiti bai samu bugu 4,000 ba, kuma a cikinsu ne za a ajiye aikin da ake yi, a amsa sallama, a duba adireshi, a bi dokokin tsaro, a tura, a dawo. Tun a 1996 wasu injiniyoyi biyu, Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan, suka bayyana abin da ke faruwa idan aka wuce iyaka: kwamfuta tana ƙare duk ƙarfinta wajen amsa sallama, ba ta samun damar shigar da ko baƙo ɗaya ɗaki. Furosesa tana aiki ɗari bisa ɗari, amma abin da ke fita ta ɗaya ƙofar yana raguwa har ya kusa zama sifili. Sauri ya haifi nawa kenan.

Maganin da Linux ta ɗauka shi ne tsarin da ake kira NAPI, wanda Jamal Hadi Salim, Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka gabatar a 2001. Dabararsa mai sauƙi ce. Idan sallamar farko ta zo, kanel tana kashe ƙararrawar ƙofa gaba ɗaya, ta fita da kanta ta riƙa kwaso fakitoci rukuni-rukuni, 64 a kowane zagaye. Sai ta ga ƙofa ta yi fayau sannan ta sake kunna ƙararrawa. An kuma sa mata iyaka: in ta kwashi fakiti 300, ko ta cinye 'yan milisakan da aka ware mata (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), sai ta miƙa ragowar ga wani ma'aikacin cikin gida mai suna ksoftirqd, wanda ba shi da wata alfarma, yana bin layi ne tare da sauran manhajoji. Katunan netwok da yawa suna ƙara nasu salon, su riƙe sallama na ɗan lokaci har fakitoci su taru kafin su ƙwanƙwasa sau ɗaya.

A nan ne abin lura yake. Duk waɗannan dabaru ciniki ne. An sayar da ɗan lokacin jiran kowane fakiti domin a sayi yawan abin da zai wuce. A kwamfuta mai ƙarfi kuɗin cinikin bai taka kara ya karya ba. A ƙaramar rauta mai furosesa ɗaya, wadda take kuma sarrafa Wi-Fi, tana duba katin shiga na kwastomomi, tana lissafin datar kowa, aikin da aka tura wa ksoftirqd yana iya jira, rumbun katin netwok ya cika, fakitoci su zube. Kuma kanel a wannan mataki ba ta san fakitin POS daga fakitin bidiyon barkwanci ba. Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba.

Ma'anar aiki a kan lokaci

A harshen injiniyoyi, tsarin da ke aiki a kan lokaci alkawari yake ɗauka: komai cunkoso, aiki kaza ba zai wuce lokaci kaza ba. Yana iya zama mai nawa a ranakun da babu matsi, muddin bai taɓa saɓa wa'adi ba. Direban da kullum yake isa Kano daga Birnin Kudu cikin awa biyu da rabi ya fi amfani ga mai kai marar lafiya a kan wanda yau zai yi awa ɗaya da rabi, gobe ya yi biyar.

Misalin da ya fi shahara ya faru ne ranar 20 ga Yuli, 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 yake sauka a duniyar wata. Wata na'urar rada ta riƙa aiko wa kwamfutar kumbon siginoni marasa amfani, suna cinye sama da kashi 10 cikin 100 na lokacinta, har ta fara nuna gargaɗin 1202 da 1201. Abin da ya ceci tafiyar shi ne an tsara manhajar ta san aikin da ya fi muhimmanci. Ta watsar da ƙananan ayyuka, ta riƙe na tuƙi, kumbo ya sauka. Kwamfutar ba ta kai ƙarfin rauta mafi araha ta yau ba ko kusa. Abin da take da shi shi ne sanin wa za a fara saurara.

Linux ta ɗauki kusan shekara ashirin kafin ta shigar da irin wannan alkawari cikin babban reshenta. Aikin da ake kira PREEMPT_RT, wanda Ingo Molnar, Thomas Gleixner da Steven Rostedt suka yi fice a kansa, ya shiga ne a fitowar 6.12 ta watan Nuwamba 2024. Babban sauyin da ya kawo shi ne mayar da yawancin aikin amsa sallama zuwa ma'aikata na musamman waɗanda za a iya ba kowannensu matsayi. Mai kula da na'ura yana iya cewa sallamar wannan ƙofa ta fi ta waccan, ko kuma manhaja kaza ta fi su duka, kuma kanel ta bi.

Sai dai a nan ma akwai buƙatar taka-tsantsan, domin 'yan kasuwa ba sa barin sabuwar kalma ta wuce su. A fitowar 6.12 furosesoshin x86, ARM64 da RISC-V kaɗai aka haɗa. Rautoci masu araha da yawa na gidan MIPS ne, ba sa ciki. Ko da suna ciki, PREEMPT_RT yana rage yawan abin da na'ura ke iya turawa, kuma alkawarinsa yana ƙarewa ne a bakin akwatin. Ba shi da iko da iska, ba shi da iko da ƙarfen sabis. Wurinsa shi ne injinan masana'anta, na'urorin asibiti, da kayan sarrafa lantarki. Duk wanda ya zo da rauta yana cewa ai tana aiki a kan lokaci don haka kuɗinta ya ninka, a tambaye shi milisakan nawa, kuma a ƙarƙashin wane nauyi aka auna. Abin da mai shago a Gwaram zai ɗauka daga wannan aiki shi ne salon tunanin: a auna na'ura da mafi munin sa'arta.

Ƙofar fita

Abin da ke faruwa a ƙofar shiga yana da ɗan'uwa a ƙofar fita, kuma a yankunan da layin intanet yake da ƙunci, ɗan'uwan ya fi cizo. A ce shago yana da layin da ke tura megabit 5 a daƙiƙa. Wani yaro ya fara loda bidiyon biki. Rauta ta jera fakitoci 1,000 a layin jira, wanda shi ne adadin da Linux ta daɗe tana sawa. Fakiti 1,000 masu bait 1500 sun kama bit miliyan 12. A gudun megabit 5, sai an yi daƙiƙa 2.4 kafin layin ya ƙare. Fakitin POS, wanda bai fi 'yan ɗaruruwan bait ba, in ya zo a lokacin sai ya bi bayan wannan jerin gwanon, kuma cinikin kuɗi guda ɗaya yana buƙatar kai-da-komo da yawa tsakanin na'ura da banki. Kiran murya ya fi shan wahala: yawanci yana tura fakiti duk bayan milisakan 20, kuma shawarar hukumar sadarwa ta duniya ITU ita ce kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai. Layin jira na daƙiƙa biyu ya ninka wannan sau goma sha wani abu.

Jim Gettys ne ya tayar da maganar wannan kumburin layin jira a 2010. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel, aka gina fq_codel a kanta a cikin Linux 3.5, daga baya CAKE ta shiga a 4.19. Aikinsu shi ne raba wa kowace hira nata layin, a bar ƙananan saƙonni masu gaggawa su wuce, a hana layin tsawo. Kyauta ne, kuma ya shekara sama da goma a fili. A manhajar rauta ta OpenWrt ana kunna shi ne ta sashen SQM, a rubuta gudun da bai kai na layin ba da kaɗan, kamar kashi 90 cikin 100, domin jerin gwanon ya taru a inda ake da iko da shi. Mai shago zai ga lambar gwajin gudu ta ɗan ragu, kuma abin da ke sa mutane da yawa su kashe shi kenan, su koma wa babbar lamba da POS mai juyi.

Abubuwan biyu a haɗe suke. Tsara layin fita aiki ne da ke cin furosesa, kuma furosesar da amsa sallama ta riga ta gajiyar ba ta da sauran ƙarfin yin sa. Shi ya sa rauta mai furosesa biyu ko huɗu, wadda za a iya raba wa ƙofofinta ma'aikata daban-daban, ta fi amfani a kan mai eriya shida da lamba 1200 a kwali.

Masu cewa wannan ba ita ce matsalar ba

Akwai masu ganin duk wannan zance na 'yan birni ne. A garin da ƙarfen sabis yake mutuwa in dizal ya ƙare, inda aikin hanya ke tsinke wayar faiba, inda wutar lantarki ke zuwa in ta ga dama, wa ke da lokacin milisakan? Hujjarsu tana da ƙarfi. Babu wani gyaran kanel da zai tayar da ƙarfen da ya mutu, kuma a layin wayar salula da gudunsa ke hawa da sauka kowace sa'a, saita SQM ya fi wuya, domin lambar da aka rubuta da safe ba lallai ta dace da ta bayan magariba ba.

Amma dizal da faiba ba a hannun mai shago suke ba, rauta kuwa tasa ce. Kuma yanayi ya sauya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin kasuwannin karkara ya rataya a kan POS da tura kuɗi ta waya fiye da da. A watan Janairun shekarar ne kuma Starlink ya fara aiki a Najeriya, abin da ya sa yanzu mutum na iya kawo layi mai faɗi garin da faiba ba ta kai ba, ya raba wa unguwa ta Wi-Fi. A irin wannan tsari ƙuncin ya tashi daga sama ya dawo cikin akwatin da ke raba layin. JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta tun 2015, kuma cibiyar jarabawa wuri ne da kwamfutoci sama da ɗari biyu ke neman uwar garke ɗaya a minti guda da zarar an ce a fara. Ranar biki kenan ga katin netwok, kuma yaron da allonsa ya tsaya ba ruwansa da matsakaicin gudu. Birnin Kudu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kwalejin koyon aikin jinya, irin wuraren da duk ranar da aka ɗora bayanan marasa lafiya da ganin likita daga nesa a kan netwok, jinkiri yake zama maganar lafiya.

Akwai ma ɓangaren wuta. Hanya ɗaya ta kauce wa jinkirin sallama ita ce a sa furosesa ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe ba hutu, ko da baƙo ko babu. Yana rage jira, amma yana shan wuta yana kawo zafi. Masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada ƙarƙashin Martin Karsten, tare da Joe Damato na kamfanin Fastly, sun kawo ɗan gyara na kimanin layi 30 wanda ya shiga Linux 6.13 a farkon 2025: in cunkoso ya yi yawa a dakatar da sallama a riƙa leƙe, in ya lafa a koma jiran sallama. Sun ce yana iya rage shan wutar wasu ayyukan manyan cibiyoyin bayanai da kusan kashi 30 cikin 100. Lambar ta manyan cibiyoyi ce, kada wani ya liƙa ta a jikin rautar shago. Amma ga mai uwar garke da ke rayuwa a kan batirin sola a zafin watan Afrilu, labari ne mai daɗi cewa irin wannan gyara yana zuwa kyauta, in dai na'urarsa tana karɓar sabuwar kanel.

Nan ne gizo yake saƙa. Rautoci masu araha da yawa suna fitowa da tsohuwar kanel a kulle, kamfanin bai sake waiwayarta ba bayan an sayar. Lasisin GPL da Linux ke ƙarƙashinsa ya wajabta wa mai sayar da na'ura ya bayar da asalin rubutun manhajar, kuma ta wannan hanya ce OpenWrt ta samo asali a 2004, bayan an matsa wa Linksys ta saki na rautar WRT54G. Na'urar da ke cikin jerin waɗanda OpenWrt ke tallafawa tana iya cin gajiyar aikin shekaru ashirin. Wadda ba ta ciki, yadda aka saye ta haka za ta mutu.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar. Tun zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki jihar ta kafa Galaxy da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin intanet ba. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke yaye masu digirin kwamfuta. Abin da ya rage shi ne a fitar da darasin katse-aiki daga takardar jarabawa a kai shi kan tebur. Ɗalibin da ya buɗe fayil ɗin /proc/interrupts ya ga ƙofar da ta fi damun furosesa, ya duba /proc/net/softnet_stat ya ga sau nawa kanel ta cinye kasonta ba ta gama kwasar fakitoci ba, ya riga ya mallaki sana'ar da masu cibiyoyi da masu sayar da Wi-Fi a kudancin jihar za su biya kuɗi a kanta.

Gwajin da mai saye zai yi kuwa bai buƙatar digiri. A haɗa kwamfuta da rautar, a bar umarnin ping yana bugun wani adireshi kamar 8.8.8.8, a rubuta milisakan da yake nunawa lokacin da babu kowa a layi. Sannan a fara loda babban bidiyo daga waya biyu ko uku, a ci gaba da kallon lambar. In ta tashi daga 60 zuwa 90, na'urar ta iya aikinta. In ta haura 1,000, ko amsoshi suka fara ɓacewa, an ga abin da zai faru da POS ranar kasuwa. Hukumar makaranta, asibiti ko ƙaramar hukuma da ke ba da kwangilar haɗa netwok tana iya rubuta wannan a takardar yarjejeniya: jinkirin da ba za a wuce ba yayin da layi yake cike, adadin furosesar rauta, lambar kanel ɗin da ke cikinta, da wanda zai riƙa sabunta ta. A yi gwajin a gaban ɗan kwangila, da tsakar rana, da na'urori a kunne, kafin a sa hannu a takardar biyan kuɗi.